Waƙar Wani a Bakin Wani

A daren 17 ga watan Yuni na 1967, a babban taron kiɗa da aka yi a garin Monterey na jihar Kalifoniya, Otis Redding ya tsaya gaban dubban mutane ya ce musu waƙar da zai rera yanzu wata yarinya ta riga ta ƙwace masa ita. Ya ce aminiyarsa ce, kuma ko da ta ƙwace zai rera abarsa. Cikin raha ya faɗa, amma gaskiya ya faɗa. Waƙar ita ce “Respect”. Shi ya tsara ta, shi ya fara sa ta a faifai a birnin Memphis a 1965, ta kuma yi kasuwa daidai gwargwado. Yarinyar kuwa Aretha Franklin ce, wadda a farkon wannan watan nata faifan ya hau kan gaba a jerin waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka, wanda mujallar Billboard ke fitarwa. Yau duk inda aka ambaci “Respect” muryar Aretha ce ke faɗowa mutum a kunne, kuma Otis ya gane haka tun faifanta yana da wata biyu a kasuwa.

Abin da ya daɗe yana jan hankalina shi ne yadda aka yi hakan ta yiwu. Doka ba ta wajabta wa Aretha neman izinin Otis ba. Ɗaukar waƙar wani a sake rerawa ya girmi faifai, ya girmi rediyo, kuma babu al'ummar da ba ta yi. Amma a Amurka ne aka yanka wa abin farashi, aka rubuta shi a kundin doka. Ta wannan ƙofa ne wasu daga cikin waƙoƙin da suka fi ratsa ni suka fito, ta nan kuma aka yi wa wasu bayin Allah cutar da har yau in na tuna raina ke ɓaci.

A ƙarshen ƙarni na 19 kasuwar waƙa a Amurka kasuwar takarda ce. Kamfanonin ɗab'i sun taru a titi na 28 a unguwar Manhattan ta birnin New York, wurin da ya yi suna da Tin Pan Alley. Suna sayen waƙa daga mai tsara ta, su buga ta a takarda da alamomin kiɗanta, iyalai su saya su kai gida su kaɗa a fiyanon falo. Waƙar “After the Ball” ta Charles K. Harris, wadda ta fito a 1892, an sayar da miliyoyin takardunta. Kamfanonin suna ɗaukar samari aikin talla, su wuni a kantuna da gidajen wasa suna kaɗa sabuwar waƙa har ta shiga kunnen jama'a. Mai tsara kiɗa George Gershwin ma da wannan aiki ya fara yana ɗan shekara 15. A lokacin waƙa ba ta da murya guda da za a ce ita ce tata. Burin mai ita shi ne ta shiga bakin kowa, don gwargwadon masu rera ta gwargwadon cinikin takarda.

Sai aka ƙero fiyano mai kaɗa kansa. Ana naɗa masa doguwar takarda mai huje-huje, iska ta bi ta ramukan ta motsa maɓallan, waƙa ta fito ba tare da yatsan kowa ba. Masu ɗab'i suka ce wannan kwafe musu dukiya ne, suka kai ƙara. A 1908 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar kamfanin White-Smith da kamfanin Apollo cewa naɗin takarda mai ramuka ba kwafin waƙa ba ne, tun da ido ba ya karanta shi. Ɓangaren inji ne kawai. Magana ta koma Majalisar Dokoki. 'Yan majalisa sun so a biya masu waƙa, amma suna da fargaba guda: kamfanin Aeolian, wanda ya fi kowa girma a wannan sana'a, ya riga ya ƙulla yarjejeniya da ɗimbin masu ɗab'i don ya riƙe waƙoƙinsu shi kaɗai. Sai suka raba gardama da wata dabara. Dokar da Shugaba Theodore Roosevelt ya sa wa hannu ranar 4 ga Maris 1909, ranarsa ta ƙarshe a ofis, ta ce mai waƙa yana da ikon zaɓar wanda zai fara naɗar waƙarsa. Da zarar an naɗa an fitar kuwa, kowa na iya naɗar tasa, muddin zai biya senti 2 a kan kowane kwafi. Mai waƙa ba shi da ikon cewa a'a.

Senti 2 ɗin nan bai motsa ba har 1978, kusan shekara 70, kayan masarufi na hawa shi yana nan inda yake. Kuma mai alƙalami ake biya, wato wanda ya tsara waƙar da kamfanin da ke riƙe masa haƙƙinta. Wanda ya fara rera ta, ya sa mata numfashinsa da salonsa har mutane suka so ta, ba shi da ko kwabo a faifan wanda ya biyo bayansa. Da farko babu wanda ya ga aibin haka. In waƙa ta fara tashe, kowane kamfani sai ya tura mawaƙinsa situdiyo a guje. A 1946 faifai uku daban-daban na waƙar “To Each His Own” suka hau kan gaba a Billboard, na Eddy Howard da na Freddy Martin da na ƙungiyar Ink Spots. Mai saye waƙa yake nema a kanti, ko daga bakin wa ta fito.

Aibin ya bayyana ne inda launin fata ya shiga. A wancan zamani kasuwar faifai a Amurka rabe take kamar yadda makarantu da motocin haya suke rabe. Waƙoƙin baƙaƙen fata suna da nasu jerin daban, nasu kantuna, nasu 'yan tashoshin rediyo, manyan tashoshi kuwa ba kasafai suke sa su ba. Da samarin fararen fata suka fara kwaɗayin wannan kiɗa a farkon shekarun 1950, manyan kamfanoni suka ga hanyar kuɗi: a jira waƙar baƙar fata ta fara motsi, a ba wa farar fata ya maimaita ta, a rage mata zafi, a tura ta tashoshin da suka rufe wa mai ita ƙofa. A 1955 Pat Boone ya kai “Ain't That a Shame” ta Fats Domino matsayi na ɗaya, faifan Domino ya tsaya a na goma. Ya sake yi wa “Tutti Frutti” ta Little Richard haka, nasa ya wuce na mai ita a jeri. Duk wanda ya saurari faifan biyu a jere zai ji an zare wa waƙar laka. Domino dai ya samu sauƙi, tun da da hannunsa a rubuta waƙar, kamasho na shigo masa daga kowane faifan Boone.

LaVern Baker ba ta samu wannan sauƙin ba. Ba ita ta rubuta “Tweedlee Dee” ba, rerawa ta yi, kuma Georgia Gibbs ta kwaikwayi faifanta kusan kiɗa da kiɗa ta tafi da kasuwar. Baker ta kai kuka wurin ɗan majalisa Charles Diggs na jihar Michigan, tana neman a gyara doka ta kare tsarin kiɗan faifai kamar yadda ta kare rubutun waƙa. Ba a gyara ba.

Wadda labarinta ya fi tsaya mini a rai ita ce Willie Mae Thornton, da ake kira Big Mama. Samari biyu 'yan shekara 19, Jerry Leiber da Mike Stoller, su suka rubuta mata “Hound Dog” bayan sun ji muryarta, ta naɗe ta a Los Angeles a watan Agustan 1952. Da ta fito a 1953 ta yi mako 7 a kan gaba a jerin baƙaƙen fata. A bakinta waƙar mace ce da ta gaji da wani cima-zaune mai zarya a ƙofarta, tana fatattakarsa, muryar tana gurnani tana kuma dariya. Elvis Presley bai ɗauko ta kai tsaye daga wurinta ba. A Las Vegas ya ji wata ƙungiya, Freddie Bell and the Bellboys, tana rera ta da kalmomin da aka sauya don ban dariya, wannan ya naɗa a watan Yulin 1956, faifan ya yi mako 11 a matsayi na ɗaya. Ba na raina Elvis. Akwai wuta a faifansa, gangar kaɗai ta isa ta tayar da zaune. Amma matar da ke magana a waƙar ta ɓace, ba a san wa ke faɗa da wa ba. Thornton ta sha faɗa cewa dala 500 ce duk abin da ta gani daga faifanta. Ta rasu a 1984 a wani gidan haya a Los Angeles ba ta da komai. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

To ta wannan ƙofar dai Aretha ta shigo, sai ta nuna abin da za a iya yi da ita. 'Yar fasto ce, C. L. Franklin na cocin New Bethel a Detroit, mutumin da ya jagoranci shirya babban tattakin neman 'yanci na birnin a 1963 tare da amininsa Martin Luther King. A coci ta koyi waƙa da fiyano. Ta yi shekara shida a kamfanin Columbia ana sa ta rera waƙoƙin da ba su dace da ita ba, sannan ta koma Atlantic wurin Jerry Wexler, wanda ya zaunar da ita gaban fiyano ya bar makaɗa su bi ta. Ranar 14 ga Fabrairun 1967, tana da shekara 24, ta shiga situdiyo a New York da makaɗan da aka ɗauko daga Muscle Shoals ta jihar Alabama, da 'yan'uwanta mata biyu, Erma da Carolyn, a matsayin 'yan amshi.

A bakin Otis waƙar ta magidanci ce da ya wuni yana nema, ya dawo gida da kuɗi, yana roƙon matarsa ta ba shi girmansa in ya shigo. Waƙa ce mai kyau, ƙahonni na ingiza ta, muryarsa na karcewa kamar mai haki. Aretha ba ta sauya kalmomi da yawa ba. Mai maganar ta sauya. Yanzu mace ce ke cewa ita ma tana da abin hannunta, ba ta ci amanar kowa ba, kuma girman nan haƙƙinta ne. Ka saurari yadda 'yan'uwanta ke shigowa bayan kowane ɗango da gajeren amshi, kamar mata sun tsaya bayan 'yar'uwarsu a tsakar gida suna mara mata. Can kusa da ƙarshe kiɗa ya ɗauke cak, ta jero haruffan sunan waƙar ɗaya bayan ɗaya, yadda ake yi wa wanda aka gaya wa magana sau da yawa ya ƙi ji. Daga nan amshin ya ɓarke da gudu. Wannan jero haruffan da wannan amshi babu su a faifan Otis, ita da 'yan'uwanta suka ƙirƙiro su, kuma su ne abin da duniya ta haddace. Duka faifan bai cika minti biyu da rabi ba.

Waƙar ta fito a shekarar da unguwannin baƙaƙen fata ke tafasa. A watan Yuli Detroit, garin Aretha, ya kama da wuta. Masu neman 'yanci suka ɗauki waƙar tasu ce, mata ma suka ɗauka tasu ce, kuma duk sun yi daidai. Aretha ta ci kyautar Grammy biyu da ita, a 2021 kuma mujallar Rolling Stone ta sa ta farko a jerin waƙoƙi 500 da ta ce sun fi kowanne. Amma ga inda dokar ta juyo da kaifinta: gidajen rediyon Amurka marubucin waƙa suke biya, ba sa biyan mai rerawa. Miliyoyin lokutan da aka sa “Respect” a rediyo, kuɗin ɓangaren Otis ya tafi. Shi ma bai daɗe yana ci ba. Ranar 10 ga Disamban 1967 jirginsa ya faɗa tafkin Monona a jihar Wisconsin, yana da shekara 26.

A daidai wannan zamani ne ma'anar abin ta sauya. Bob Dylan da Beatles sun saba wa jama'a da mawaƙin da ke rubuta abinsa da kansa, sai faifan farko ya zama shi ne asali, wanda ya maimaita kuma sai ya kawo hujjar maimaitawa. Jimi Hendrix ya kawo tasa. Dylan ya fitar da “All Along the Watchtower” a Disamban 1967, baiti uku babu amshi, jita mara lantarki da ɗan bushe-bushe, tamkar mai ba da labari a ɗaki. Cikin 'yan makonni Hendrix ya shiga situdiyon Olympic a Landan ya mai da ita hadari. Iskar da kalmomin ke cewa tana tafe, shi ya sa jitarsa ta kaɗa ta. Shi ne faifansa da ya fi hawa sama a Amurka, ya kai na 20. Dylan bai yi gardama ba. Bayan rasuwar Hendrix a 1970 ya koma rera waƙar tasa da salon Hendrix, kuma babu waƙar da ya fi rerawa a dandamali kamarta.

Mu wannan bai kamata ya zame mana baƙon abu ba, don malamanmu sun daɗe da tahamisi: mawaƙi ya ɗauki baitin wani mai ɗango biyu, ya gabatar masa da ɗango uku nasa, ya zama ƙwar biyar. Ishiriniyar da ake karantawa a zaurukanmu da dararen Mauludi ta Alfazazi ce haɗe da tahamisin Ibn Muhibbi, sun narke da juna har da yawan masu karatu ba sa tsayawa rarrabe ɗangon wannan da na wancan. Ba ina haɗa yabon Manzon Allah (SAW) da waƙar rediyo a daraja ba ne. Ladabin nake nufi: mai tahamisi ba ya goge sunan na farko, kuma ba ya shiga sai yana da abin da zai ƙara.

Wannan ladabi na gani a tsakanin Dolly Parton da Whitney Houston. Mu da muka tashi a zamanin kaset mun san Dolly tun da wuri, ita da Don Williams da Kenny Rogers, a shagunan kaset da motocin haya da shirye-shiryen zaɓe na rediyo. Ta rubuta “I Will Always Love You” a 1973, kuma ba saurayi ta yi wa ba. Ubangidanta a sana'a ta yi wa, Porter Wagoner, wanda ya ɗauke ta a shirinsa na talabijin tun 1967. Tana son ta tafi ta tsaya da ƙafarta, shi ya ƙi sauraro, sai ta rubuta bankwanan a waƙa ta shiga ofishinsa ta rera masa. A 1974 waƙar ta hau kan gaba a jerin kiɗan kantiri, ta sake hawa a 1982. Elvis ya so ya rera ta, Dolly ta yi murna ƙwarai, sai manajansa Kanar Tom Parker ya ce sai an ba su rabin haƙƙin mallakar waƙar. Ta ce ta kwana tana kuka, amma ta ƙi. Yarinyar da ta taso a ɗaki guda cikin tsaunukan Tennessee, ita da 'yan'uwa 11, ta fahimci abin da Big Mama Thornton ba ta samu damar riƙewa ba.

Shekara 18 bayan fitowar waƙar, ana shirya fim ɗin The Bodyguard na 1992, waƙar da aka tanadar wa Whitney ta kuɓuce saboda wani fim ya riga su amfani da ita. Jarumin fim ɗin, Kevin Costner, shi ne ya kawo shawarar ta Dolly, shi ne kuma ya dage a bar Whitney ta fara ba tare da kiɗa ba. Wannan farawa ita ce komai. Kusan daƙiƙa 45 babu ganga babu jita, murya ce kaɗai, ƙasa-ƙasa, kana jin inda take jan numfashi, tana riƙe kowace gaɓa kamar mai tsoron kada ta fashe da kuka. A hankali kiɗa ke shigowa. Can bayan baiti na ƙarshe komai ya tsaya, a buga ganga sau ɗaya, sai ta ɗaga murya zuwa wani mataki da ba ka zaci akwai shi ba. Faifan ya yi mako 14 a matsayi na ɗaya. Dolly ta ce tana tuƙi ta fara jin sa a rediyo, sai da ta gangara gefen titi ta tsaya.

A nan ba zan ce ta biyu ta wuce ta farko ba, ko da yake na san yawancin mutane za su ce haka. Dolly tana rera ta ne kamar mai magana da mutum guda a ɗaki, har a baitin ƙarshe ta sauke waƙa ta koma magana, kuma wanda ya taɓa barin gidan ubangidan da ya yi masa rana zai gane wannan murya mai haɗa godiya da ƙudurin tafiya. Whitney kuwa shela take yi wa duniya. Na fi komawa ga ta Dolly in ni kaɗai ne, amma ban taɓa jin bugun gangar nan na Whitney tsigar jikina ba ta tashi ba. Sun yi kunnen doki, kowace da inda ta fi. Kuma da yake Dolly ta riƙe haƙƙinta, dukiya mai yawa ta shigo mata. A 2021 ta bayyana cewa da wani kaso na kuɗin ta sayi ginin ofisoshi a wata unguwar baƙaƙen fata a Nashville, don tunawa da Whitney, wadda ta rasu a 2012.

Misalai suna da yawa, wasu ma mun yi rawarsu ba tare da an damu da mafarinsu ba. “Rivers of Babylon” da Boney M suka cika duniya da ita a 1978 ta ƙungiyar Melodians ce ta Jamaika tun 1970. “Red Red Wine” ta UB40 Neil Diamond ne ya rubuta ta. “Killing Me Softly” ta bi ta bakin Lori Lieberman da Roberta Flack kafin Lauryn Hill da Fugees su same ta a 1996. Amma wadda ta fi nuna mini abin da shekaru ke yi wa kalma ita ce “Hurt”. Trent Reznor ya fitar da ita a 1994 yana ɗan shekara 28, kukan saurayi ne da ƙwaya ta ɗaure, ya rufe kansa a ɗaki. A 2002 furodusa Rick Rubin ya ba wa Johnny Cash ita, dattijo ɗan shekara 70, ciwo ya ci jikinsa, muryar da ta yi kusan shekara 50 tana cika gidajen wasa ta fara rawa. Cash ya san ɗaurin ƙwaya, ya yi fama da shi a ƙuruciyarsa. Kusan kalmomin nan ne dai bai taɓa su ba, amma inda saurayi ke cewa kowa zai tafi ya bar shi yana hasashe ne, dattijon kuwa lissafin waɗanda ya binne yake yi. A bidiyon an nuna shi a gidansa, hannunsa na karkarwa, matarsa June Carter tana tsaye a matakala tana dubansa. Ta rasu a watan Mayun 2003, ya bi ta a Satumba. Reznor, wanda da farko abin bai kwanta masa ba, ya ce da ya ga bidiyon ya san waƙar ta tashi daga tasa.

Duk waɗannan, ko an cuci mai rerawa, an san mai alƙalami an kuma biya shi. Solomon Linda ko wannan bai samu ba. Bazulu ne, an haife shi a Natal ta Afirka ta Kudu a 1909, shekarar da aka kafa dokar senti 2. Ya zo Johannesburg neman aiki, yana waƙa da abokansa a ƙungiyar Evening Birds. A 1939 suka shiga situdiyon kamfanin Gallo suka naɗi “Mbube”, wato zaki. Muryoyin maza masu kauri suna riƙe ƙasa, Linda yana shawagi a samansu da siririyar murya, can a ƙarshen faifan ya saki wani ɗan kari da ya zo masa nan take. Faifan ya sayu kusan dubu 100, har aka sa wa salon waƙar gaba ɗaya sunansa, salon da Ladysmith Black Mambazo suka gada. Sule 10 aka ba Linda ya miƙa haƙƙinsa, ya ci gaba da aikin shirya faifai a kwali a ma'ajiyar kamfanin.

Faifan ya ƙetara teku ya faɗa hannun mai tattara waƙoƙin gargajiya Alan Lomax, shi kuma ya ba mawaƙi Pete Seeger. Ƙungiyar Seeger, Weavers, ta rera ta da sunan “Wimoweh” ta yi tashe a 1952, a jikin faifan kuma aka rubuta Paul Campbell, sunan bogi da ake sa wa waƙoƙin da aka ɗauka na gargajiya ne marasa mai su. A 1961 aka ɗora wa ɗan karin nan na ƙarshen faifai kalmomin Turanci, ƙungiyar Tokens ta fitar da “The Lion Sleeps Tonight”, ta hau matsayi na ɗaya, marubuta uku Amurkawa suka sa sunayensu. Linda ya rasu a 1962 da ciwon ƙoda, iyalinsa suka yi shekara 18 kafin su iya sa alama a kabarinsa. Seeger daga baya ya yarda an yi kuskure, ya aika wasu kuɗi, amma babban kogin yana can yana kwarara wani wuri, musamman bayan Disney ta sa waƙar a fim ɗin The Lion King a 1994.

Na saurari duka ukun, kuma a kunnena babu wadda ta kama ƙafar ta 1939. Ta Tokens tana da daɗi, waƙar reno ce mai santsi, amma nauyin muryoyin nan na 'yan ci-rani da suka baro gida babu shi a cikinta. Suna ta fi ta asali, shi ke nan. A shekarar 2000 ɗan jaridar Afirka ta Kudu Rian Malan ya bi sawun kuɗin a wani dogon rahoto a Rolling Stone, ya ƙiyasta waƙar ta tara wajen dala miliyan 15, alhali 'ya'yan Linda mata suna zaune cikin talauci a Soweto. Lauyoyi suka tono wata tsohuwar dokar Birtaniya ta 1911 da ta yi aiki a Afirka ta Kudu, wadda ta ce shekara 25 bayan mutuwar mai waƙa haƙƙinta yana komawa ga magadansa, ko me ya sa wa hannu yana raye. Da ita aka maka Disney a kotu a 2004. A watan Fabrairun 2006 aka sasanta: kamfanin Abilene Music, mai riƙe da waƙar a Amurka, ya yarda ya biya magadan kuɗin baya da kason gaba, a kuma riƙa rubuta sunan Solomon Linda cikin waɗanda suka tsara “The Lion Sleeps Tonight”.